Yadda Za Mu Ceto Tsohuwar Makarantar Ƙauye: Jagora ga Hausawan Sudan

A ƙauyukanmu da dama da ke gaɓar kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, da waɗanda ke ƙasar Jazira da Gadarif, akwai ginin da kowa yake kira tsohuwar makaranta. A wani wuri khalwa ce, wato makarantar allo wadda wani malami daga cikin kakanninmu ya kafa jim kaɗan bayan an sauke kayan hijira, da ɗakin karatu, da rumfa, da gurbin da ake hura wutar karatun dare. A wani wurin kuma makarantar elemantare ce ta gwamnati, ajujuwa biyu ko uku a jere da baranda, an gina ta da jan bulo ko da ɗanyen bulo, ta yaye ɗalibai shekara da shekaru kafin a gina sabuwa a bar ta ga jemagu da awaki. Wannan jagora ta shafi iri biyun, domin cutar da ke kashe su ɗaya ce, maganin ma kusan ɗaya ne.

Dalilin da ya sa na damu da waɗannan gine-gine ya wuce son tsohon abu. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna kudu da Sinnar a garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Kafin su da bayansu, mahajjata masu tafiyar ƙasa sun yi ta yada zango a wannan ƙasa, wasu suka zauna ɗungurungum, kuma da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, ƙauyukanmu suka ƙaru. A ƙasar da har yanzu ake samun mai tambayar yaushe muka zo, bangon makarantar da kakan kakanka ya wanke allo a jikinsa shaida ce wadda ba a iya musunta ta. In ya rushe, sai labarin baka kaɗai ya rage, shi kuwa labarin baka yana mutuwa tare da masu ba da shi.

Kafin a taɓa komai

Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantu da yawa sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, wasu kuma masu ɗauke da makamai sun zauna a cikinsu. Saboda haka matakin farko na tsare rai ne. Idan faɗa ya ratsa ta yankinku, kada a tura yara share ginin, kada a haƙa ƙasa, kada a ɗaga wani ƙarfe da ba a san shi ba, har sai an sanar da hukuma ta turo masu kwance nakiyoyi sun duba wurin. Ko a inda yaƙi bai kai ba, wanda zai fara shiga ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga kai ya dubi rufi tukuna. In ya ga babbar azara ta lanƙwasa ko ƙasar rufi tana zubowa, a kafa sanduna masu ƙarfi a tokare ta kafin kowa ya ƙara taku ɗaya. Rufin da aka yi da fallen asbesto, wanda ake samu a wasu gine-ginen gwamnati na da, ba a fasa shi kuma ba a yanka shi da zarto, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Daga nan sai a san mai ginin. Makarantar gwamnati tana ƙarƙashin ma'aikatar ilmi ta jiha, kuma ko da an daina karatu a cikinta shekara talatin, sai an nemi izini a rubuce ta ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Khalwa kuwa yawanci tana hannun zuriyar malamin da ya kafa ta, ko kuma an yi waƙafinta. A nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa tun ba a fara ba, domin matasa masu zumuɗi sukan tara kuɗi su sayo kaya, sannan wani daga cikin magada ya taso ya ce ba a shawarce shi ba. A zauna da magada duka, maza da mata, da shehin ƙauye, da limami, a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. A kafa ɗan kwamiti wanda bai wuce mutum bakwai ba, kuma lallai a cikinsa a sami tsohon magini da mace guda aƙalla, saboda a gidajenmu mata ne suka fi kowa sanin yaɓe da daɓe, kuma su ne suke riƙe da labarin abin da ya faru a wace shekara.

A rubuta ginin kafin a gyara shi

Mataki na gaba ba ya cin kuɗi, amma shi aka fi tsallakewa. Ana bukatar wayar hannu mai ɗaukar hoto, da tef na awo, da littafi mai kauri, da mutum uku masu haƙuri. A ɗauki hoton kowane bango daga waje da ciki, a tsaye daidai gabansa, a jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikinsa domin mai kallo ya gane girma. A ɗauki hoton rufi daga ƙasa, da ƙofofi, da tagogi, da kowace tsaga, da duk wani rubutu da ke jikin bango. A zana fasalin ginin a takarda kamar ana kallonsa daga sama, a rubuta tsawo da faɗin kowane ɗaki, da kaurin bango, da tsayinsa, a nuna inda gabas take. Ba sai mai zanen ya zama injiniya ba. Abin da ake so shi ne awo na gaskiya da kwanan wata a kowane shafi.

Sannan a je wurin dattawa da abin ɗaukar murya. Tambaya irin ta “Baba, ba mu tarihin makarantar nan” ba ta cika haifar da komai ba sai yabon malamai. Gara a kama hannun dattijo a kai shi gindin bangon a ce, “Baba, wannan tagar da aka toshe, kun tarar da ita a buɗe?” ko “Inna, a shekarar babban ruwa, ina ruwan ya tsaya a jikin bangon nan?” Da irin waɗannan tambayoyi ake gano wane ɗaki ne na asali, wane ne ƙari, daga wane rami aka ɗebo ƙasa, wa ya ɗora rufin, da kuma ko rufin kwanon da ake gani yanzu ya maye gurbin na ƙasa ne. A tattara rajistar ɗalibai, da tsofaffin alluna, da takardun shaidar kammalawa da ke cikin akwatunan mutane, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Jami'ar Durham da ke Ingila tana da babban rumbun takardu da hotunan Sudan na zamanin Turawa, kuma ɗan ƙauye da ke karatu a waje yana iya bincika ko sunan garinku ya fito a ciki. Duk abin da aka tara a ajiye kwafinsa wuri uku, ɗaya a hannun wani ɗan gari da ke zaune a wata ƙasa. Wawashe gidan tarihi na ƙasa da aka yi a Khartum a wannan yaƙi ya isa ya nuna cewa ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce.

Karanta ciwon ginin

A nan ya kamata a daɗe, domin wanda bai gane ciwo ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba shi ne matsalar ba. Maginan ƙasa suna da magana guda wadda ta tattara komai: gini yana son hula da takalmi. Idan rufi yana tare ruwan sama, gindin bango kuma a bushe yake, ginin ƙasa yana iya wuce shekara ɗari yana tsaye.

A fara da gindin bango. A durƙusa a duba daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, a kewaye ginin gaba ɗaya. Inda aka ga bangon ya zaizaye ya shige ciki kamar an yi masa ƙwarya, ko an ga farin gari kamar kanwa, ko ƙasar tana marmashewa a hannu, to danshi ne yake hawowa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri, gishirin kuma yana cin bangon a duk lokacin da ya bushe. Dalilansa sanannu ne: ruwan indararo da ke faɗuwa a gindi yana fantsama, ko ƙasar waje da ta taru shekara da shekaru har ta fi daɓen ciki tudu, ko randa da wurin alwala da aka kafa a jikin bango, ko dabbobi da ake ɗaurewa a inuwarsa. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a fita a tsaya a wurin lokacin da ake tsuga ruwa, a ga inda yake bi da inda yake kwanciya, a sa alama da turaku.

Sai rufi. A rufin gargajiya na wannan ƙasa akwai babban itacen da ke ɗauke da nauyi, wanda maƙwabtanmu Larabawa suke kira mirig, a kansa a jera ƙananan itatuwa, a shimfiɗa tabarma ko ciyawa, a zuba ƙasa, a shafe da zibala, wato yaɓen ƙasa da kashin dabbobi. Irin wannan rufi yana da ciwo guda da mutane ba su lura da shi: kowace shekara ana ƙara masa ƙasa ba a rage ta da ba, har nauyin ya fi ƙarfin itacen. A tona ɗan rami a kusurwa a auna kaurin ƙasar, a tambayi tsohon magini nawa ya kamata ta kasance. A duba bakin kowace azara inda ta shiga bango, domin a nan ruɓa da gara suke farawa. A ƙwanƙwasa ta da guduma, mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta cinye tana amsawa kamar ganga. A duba indararo, wanda a nan aka fi sani da sabaloka, a ga ko ya toshe, ko ya karye, ko ya yi gajarta har ruwansa yana bin jikin bango.

Sai tsaga, kuma a nan ƙasarmu tana da nata hali. Baƙar ƙasar Jazira da Sinnar da Gadarif, wadda ta sa auduga da dawa suke yi, laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsuke ta dare idan rani ya yi, har mutum ya iya zura hannu a cikin darewar. Ginin da ke kanta yana hawa yana sauka kowace shekara, kuma ba dukkan sassansa suke motsi daidai ba, shi ya sa ake ganin tsaga mai karkata daga kusurwar taga ko ƙofa. Abin da ake son sani shi ne ko tsagar tana raye ko ta mutu. A kwaɓa jibis kaɗan, wato farin garin filasta mai saurin daskarewa, a manna shi a kan tsagar kamar faci mai faɗin yatsu uku, a rubuta kwanan wata a gefensa, a riƙa dubawa kowane wata har a ga rani da damina guda. Idan facin bai fashe ba, tsagar ta tsaya, ana iya ɗinke ta. Idan ya fashe kuma ratar tana ƙaruwa, to harsashin ginin ne yake motsi, kuma toshe ta ɓata ƙasa ne har sai an magance ruwan da ke jiƙa gindin. Haka nan a rataya igiya mai dutse daga saman bango a auna ko ya karkata. Bangon da karkatarsa take ƙaruwa, ko wanda ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa har ana hango haske, ya wuce aikin gayya. A tokare shi, a hana yara zuwa, a nemo injiniyan da ya san ginin ƙasa.

Kada a manta da itatuwa. Darbejiya tana ba da inuwa mai daɗi, amma idan ta yi kusa da bango a baƙar ƙasa, saiwoyinta suna shanye danshin gefe guda su sa ginin ya zauna ta wannan gefen. Ban ce a sare tsohuwar bishiyar da ɗalibai suka yi karatu a ƙarƙashinta ba, domin ita ma tana cikin tarihin wurin, kuma sare ta farat ɗaya yana iya sa ƙasar ta kumbura. A rage mata rassa a hankali, kada kuma a dasa sabuwa kusa.

Abin da za a yi kafin damina

Ruwa yakan sauka a yankinmu daga wajen Yuni zuwa Oktoba, saboda haka ko babu kuɗin babban gyara, akwai aikin kwana biyu ko uku da dole a gama kafin ƙarshen Mayu. A buɗe indararo, a ƙara masa tsawo, a shimfiɗa fasassun jan bulo ko duwatsu a inda ruwansa ke faɗuwa. A kwashe ƙasa da juji da suka taru a jikin bango, a gyara ƙasar waje ta gangara daga ginin zuwa nesa, a ja ƙaramar magudana mita biyu ko fiye daga bango, ba a gindinsa ba. A ɗauke randa da wurin alwala a kai su nesa. Inda rufi ya ɓule a rufe shi da tamfol na wucin gadi, a bar gefe a buɗe iska tana shiga, domin ledar da aka naɗe gini da ita ruf tana dafa shi da gumi. Wannan ɗan aiki shi kaɗai yana iya ƙara wa gini shekaru.

Babban gyara

Lokacinsa shi ne bayan kaka, daga hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da hannaye suka samu sarari kuma bango ya bushe. Ƙa'idar da masana adana gine-gine suka amince da ita tun Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta yi daidai da hankalin tsofaffin maginanmu: a taɓa kaɗan gwargwadon bukata, a riƙe na asali duk inda zai riƙu, kada a ƙirƙiro abin da ba a tabbatar ginin yana da shi ba.

Ina roƙon duk mai karanta wannan da ya nisanci siminti a jikin bangon ƙasa. A ƙauyenmu na ga abin da idona, kuma ina cikin waɗanda suka ba da gudummawar sayen buhunan. Mun shafe ɗakin karatun khalwarmu da siminti ciki da waje, muka yi masa fenti, kowa ya yi murna. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshin da ke hawowa daga ƙasa ya rasa hanyar fita ya taru a bayansa, ƙasar ta zama taɓo a ɓoye, gara ta sami gida mai duhu da laima. Bayan 'yan damuna shafen ya fara amsa ƙwanƙwasa kamar akwati, sannan wata rana ya ɓallo falle guda ya taho da rabin kaurin bangon. Tsohon maginin da ya hana mu tun farko, muka ɗauka tsufa ne yake damunsa, shi muka koma muna roƙo ya zo ya ceci abin da ya rage. Idan ginin naku an riga an shafe shi da siminti, a ɓamɓare shi a hankali da hannu, a fara daga gindi, a bar bangon ya sha iska makonni kafin a yi masa komai.

Ƙasar gyara ta yi kama da ƙasar asali. In an san ramin da aka ɗebo ta da farko, a koma can. Ƙasar bangon da ya faɗi ma ana iya sake kwaɓa ta, ban da ta gindi mai gishiri, wadda za a kwashe a zubar nesa. Baƙar laka zalla tana darewa idan ta bushe, saboda haka sai an haɗa ta da yashi da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa. Babu ma'auni guda da ya dace da kowane gari, don haka a yi gwaji: a kwaɓa haɗi huɗu ko biyar masu bambancin yawan yashi da ƙaiƙayi, a shafa kowanne a ɗan fili a bangon da rana ta fi duka, a bar su mako guda, a watsa musu ruwa, a zaɓi wanda bai dare ba kuma bai wanke ba. A rubuta wannan haɗi a littafin da ake ajiye bayanan ginin domin na baya.

Tsarin aikin kuwa daga ƙasa yake farawa. Gindin da ya zaizaye ba a cika shi da yaɓe mai kauri, domin zai faɗo. Ana yanke ruɓaɓɓen wurin a daidaita shi, a jiƙa kaɗan, a gina shi da busasshen ɗanyen bulo ko tubali, a cusa sosai har sabon ya ɗauki nauyin na sama. Ba a buɗe fiye da mita ɗaya a lokaci guda, kuma ba a buɗe wurare biyu masu maƙwabtaka a rana ɗaya. A gyara nan, a tsallake, a dawo bayan na farko ya bushe. Wanda ya rarake gindin bango gaba ɗaya don ya gama da wuri yana iya jawo bangon a kansa. Bayan gindi sai tsagogin da aka tabbatar sun mutu: a sassaƙa gurabe a kwance masu ƙetare tsagar, tsakanin kowanne da na gaba kamar rabin mita, a kwantar da bulo ko guntun itace mai ƙarfi a ciki kamar ɗinki, sannan a cike sauran tsagar da ƙasa mai laushi kaɗan-kaɗan.

Sai a hau rufi. A sauke tsohuwar ƙasa, a sa wa kowace azara lamba kafin a motsa ta, a mayar da duk mai lafiya gurbinta. Wadda bakinta kaɗai ya ruɓe ana iya tallafa mata maimakon a jefar. Wadda ta mutu a maye ta da irinta, giginya ko bagaruwa da ta bushe sosai, domin waɗannan gara ba ta cin su da sauƙi, a kuma sa katako mai faɗi a ƙarƙashin bakinta don nauyin ya bazu a bango. A ba rufin gangara zuwa indararo, a yawaita indararon in da hali. Idan jama'a suka ga ba za su iya kula da rufin ƙasa kowace shekara ba, ni a ganina rufin kwano mai faɗin baki da aka ɗora a sama, aka bar azarun asali a ƙarƙashinsa, ya fi rufin ƙasa mai yoyo alheri, ko da yake yana sauya kamannin ginin. Sai dai a ɗaure shi da kyau saboda guguwar habub, kuma a rubuta shekarar da aka sa shi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa.

Yaɓe shi ne na ƙarshe. Zibala, wato ƙasa da kashin dabbobi da aka kwaɓa aka bari ya kwana kwanaki har ya ruɓa, ita ce rigar ginin a wannan ƙasa, kamar yadda makuba take a ƙasar Hausa. A jiƙa bango, a shafa siriri, a bari ya bushe, a ƙara wani. Aikin yaɓe shi ne ya ci ruwa da iska a madadin bango, don haka zaizayewarsa ba aibi ba ce, sabuntawa kawai yake so. Makarantar jan bulo kuwa, wadda yawanci da ƙasa ko farar ƙasa aka ɗaura bulonta, a kankare tsakanin bulon da ya zube a cike da irin abin da aka gina ta da shi, a wanke ta da farar ƙasa, wadda ake kira jir a kasuwa, ba da fentin mai ba.

A lokacin wannan aiki ne ake asarar abubuwan da suka fi daraja, saboda ma'aikaci yana ganinsu tarkace. Allon bango da aka shafa da baƙi, da sunayen da ɗalibai suka kankara, da alkukin da malam yake ajiye tawada da fitila, da baƙin hayaƙin wutar karatu, da ƙofar katako mai tsohuwar sakata, da guntun ƙarfen da ake bugawa a matsayin ƙararrawa, duk a lissafa su tun farko, a nuna wa kowane ma'aikaci, a rufe su da tabarma har a gama.

Kariya ta takarda

Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 tana ɗaukar abin da ya kai shekara ɗari a matsayin kayan tarihi, kuma ta ba hukumar kula da kayan tarihi da gidajen tarihi ta ƙasa ikon sanya wanda bai kai ba idan yana da muhimmanci. Ke nan khalwar da aka gina a zamanin aikin madatsar Sinnar ta riga ta shiga wannan shekaru. A haɗa fayil mai ɗauke da zane, da hotuna, da tarihin da dattawa suka bayar, da takardar amincewar masu ginin, a miƙa kwafi ga hukumar, da ofishin al'adu na jiha, da ƙaramar hukuma, a karɓi shaidar an karɓa. A sani cewa rajista tana zuwa da sharaɗi, domin bayan ta ba a yin gyara ko ƙari sai da izini, don haka a fahimtar da magada tun kafin a nema. A bi kuma maganar fili, domin tun dokar 1970 filin da ba a yi wa rajista ba ana lissafa shi na gwamnati ne, kuma makarantar da ba ta da takarda tana iya wayar gari a cikin shirin rabon filaye. A halin da ƙasa take ciki amsa tana iya jinkiri, amma fayil ɗin da aka shirya da kyau shi ne kuma abin da ƙungiyoyin waje masu tallafa wa adana kayan tarihi, irin su ALIPH da ke Janeba, suke fara tambaya.

A mayar da rai cikin ginin

Sawakin, tsohuwar tashar da mahajjatanmu suka riƙa hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, tana da gidajen dutsen murjani masu hawa biyu da uku, amma da aka mayar da harkar jiragen ruwa Bur Sudan a farkon ƙarni na 20 mutane suka watse, gidajen suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ginin da ba a shiga ba wanda zai ga yoyonsa na farko. Saboda haka tun kafin a gama gyara a yanke abin da za a riƙa yi a ciki: karatun allo na safe, ko ajin yaƙi da jahilci na mata, ko ɗakin littattafai, ko wurin zaman kwamitin gari. A zaɓi abin da ba ya bukatar a fasa bango ko a jawo famfo cikin ɗaki. Banɗaki da wurin ruwa a gina su can gefe.

Sai a sa wa shekara ranaku uku. A watan Mayu a yi gayya, wadda maƙwabta suke kira nafir, a sabunta zibala a share indararo, kamar yadda mutanen Jenne a Mali suke fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu. A tsakiyar damina, washegarin babban ruwa, mutum biyu su kewaya ginin su duba rufi da gindi. Bayan kaka a duba gara da facin jibis, a rubuta abin da aka gani a littafin. A ware wani abu kaɗan daga amfanin gona ko daga gudummawar 'yan gari da ke Saudiyya domin wannan aiki, a ajiye shi a hannun ma'aji daban da shugaban kwamiti. A kowace gayya kuma a haɗa tsohon magini da samari biyu ko uku da za su tsaya a gefensa daga kwaɓi har shafe, a biya shi ladan koyarwa ban da ladan aiki, a kuma rubuta sunayensu a littafin tare da haɗin ƙasar da aka yi amfani da shi a wannan shekara.